Taɓarya Uku a Waƙar 'Yar Ingila

Rimin Dabo, ta Bici
Asabar, 11 ga Muharram

Yaya Abdulhadi,

Assalamu alaikum. Da fatan kana lafiya, kai da Anti Fauziyya da yara. Mu nan lafiya lau. Gero ya fara fitar da kai, sai dai ƙafar Inna da ke motsawa in hadari ya haɗu.

Kafin in amsa saƙonka bari in gaya maka abin da na gani ranar Laraba da safe. Ina zaure ina ɗaure fartanya a keke, sai Inna ta fito da buta, cikin tsohon zanen da take takaba da shi. Ta biyo ta gindin rumbu, inda aka jingine turminta tun ranar da Baba ya rasu. Ashe akuya ta ture taɓarya. Ta sunkuya ta ɗauka, ta goge ƙasar da bakin zani, ta ɗaga ta kamar mai gwada nauyi. Sai ta buga gindinta a ƙasa sau biyu, a hankali, irin bugun da take yi in tana kiran mata su shigo lugude. Daga nan ta waiga hagu da dama, ta jingine ta, ta wuce. Ba ta san ina kallo ba.

Na faɗa maka ne don ka san hannun bai manta ba. Lokaci ne bai yi ba.

Saƙonka sau uku na karanta shi, ka san karatuna na aji huɗu ne. Ga abin da na fahimta, in na kauce ka gyara. Zuwanka na shekara uku da suka wuce ka ɗauki luguden Inna da wayarka, ita da Yaya Asama'u da Khairiyya matar ɗan'uwana Garba. Yanzu wata mawaƙiya da kake wa aiki a sutudiyo ta ji, tana so ta sa shi cikin waƙarta, kuma kamfani ya ce sai su ukun sun dangwala yatsa a takarda.

Khairiyya na gida, Yaya Asama'u na Shanono, duk ba su da wuyar samu. Inna kuwa sai ta fita takaba. Matar da ko kwalli ba ta sawa ba zan je mata da zancen kiɗa ba. Kai ma da ka yi shekara biyu a ɗakinta kana firamare, duk da ba ita ta haife ka ba, ba sai na ja maganar ba.

Kafin lokacin ka turo mini waƙar in ji. Me Baturiyar take faɗa a ciki? Abu ne da Inna za ta saurara a gaban surukarta ba ta sunkuyar da kai ba?

A takarda nake rubutu, in na shiga Bici in ɗauki hotonta in turo, don a nan sabis sai ka hau tankin ruwa. Saƙon murya kuma ba na so, kasuwa kunne gare ta.

Ƙanenka,
Kamilu

*

Landan, 31 ga Yuli

Ƙanena Kamilu,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, Fauziyya na gaishe ka. A shafa wa Inna man zafin da na aiko, kada a ɓoye shi a akwati.

Da farko ba Baturiya ba ce. Baƙa ce kamar mu, a nan aka haife ta, kakanninta daga Jamaika suka zo. Albam ɗinta na farko tana da shekara ashirin da biyu ta yi shi, ba wanda ya zaci komai, sai ga shi ko'ina ka shiga ita ake ji. A wannan sana'a albam na biyu shi ne alƙali. A nan ake gane ko iyawa ce ko sa'a ce ta faɗo wa mutum. Shekara biyu muna kansa, waƙa goma sha ɗaya. Irin waƙar da murya ke gaba ce, kiɗa na biye da ita a hankali.

Wadda ta shafe mu ita ce ta bakwai. A kan kakarta ta yi ta, matar da ta shekara talatin tana wankin zannuwan gadon asibiti har hannunta ya ƙage. Babu batsa ko ɗaya. Makaɗa huɗu aka gwada, kowanne ta ce ba ta jin hannun mace mai aiki a ciki. Ni aikina jona wayoyi da saita makirfo, wani lokaci da dafa shayi. Wata rana ana hutu ina sauraron luguden Inna a wayata, ta tsaya a bayana, ta ce in maimaita. Ta tambaye ni su wa ke nan, na ce uwata ce da 'yan'uwana. Ta ce sun yarda a yi amfani da shi? Na ce sun yarda.

Ka ji laifina. A watan Fabrairu ne, na ce zan kira mahaifinku Baba Mati in nemi izini, na yi ta ɗagawa har Allah ya karɓi abinsa.

Ni aka ba haɗa wannan waƙar. Shekara tara ina jona waya, wannan ne karo na farko da sunana zai hau albam. Ranar Juma'a ɗaya ga Satumba za a miƙa wa masu buga faifai. An ɗaga sau biyu, ba za a ƙara ba. In babu takarda za a cire waƙar, kuma kowa zai san ƙarya na yi.

Na zauna da kalanda. Baba ya rasu ashirin da uku ga Afrilu. Wata huɗu da kwana goma ya kama biyu ga Satumba. Kwana ɗaya tak, Kamilu.

Shi ya sa nake roƙonka. A nan ba mai duba yatsan wa ne a takarda. Asama'u da Khairiyya su dangwala nasu, kai ka dangwala a gurbin Inna. In ta fita sai mu gaya mata, na san ba za ta ƙi ba. Ga waƙar na turo, kada ka ba kowa.

Yayanka,
Abdulhadi

*

Landan, 14 ga Agusta

Kamilu,

Sallama. Ina fatan lafiya ce ta ɓoye ka.

Na ga alamar ka buɗe saƙona tun mako biyu. Na kira sau shida, ba ta shiga. Na koma kan wasiƙarka, inda ka ce ba za ka je wa Inna da zancen kiɗa ba. Da farko na ɗauka takaba kake nufi. Yanzu na fara tunanin ko aikin nawa ne gaba ɗaya kuke ƙyama. In a Rimin Dabo an mayar da ni makaɗin da ya je Turai ya zubar da mutuncin dangi, ka faɗa mini kai tsaye, ba yaro ba ne ni. Shirun nan ya fi mini zafi.

Saura kwana goma sha takwas.

Abdulhadi

*

Rimin Dabo
Juma'a, 1 ga Safar

Yaya Abdulhadi,

Assalamu alaikum. Lafiya lau muke, Inna ma da sauƙi, man yana aiki. Ka gai da Anti.

Shirun kashi biyu ne. Na farko nawa ne. Na karanta wasiƙarka a Bici a gindin wata darbejiya, raina ya ɓaci, na san in na ɗauki biro a ranar zan rubuta abin da zan zo ina cizon yatsa. Sai na bar ta ta kwana uku. Na biyu kuma na Allah ne. Ruwan daren Lahadi ya cinye kwalbatin hanyarmu, ko babur ba ya wucewa, sai jiya aka zuba buhunan ƙasa. Tankin ruwan ma tsaninsa ya karye. Ba wanda ya kira ka makaɗi. Liman da kansa cewa yake kana gyaran rediyo a Landan, ban gyara masa ba.

Maganar yatsa, ba zan yi ba. Ka ce a can ba mai dubawa. To a nan akwai. Ni zan ci tuwon hannunta da wannan yatsan. Kuma ƙarya ɗaya ce ta kai ka inda kake, ban ga yadda ta biyu za ta fito da kai ba.

Yanzu ka ajiye kalandarka ka saurare ni. Yaushe aka fara ƙirga takaba da watan Bature? Baba ya rasu kwana uku ga watan Ƙaramar Salla, ko tuwon salla bai gama ƙarewa ba. Wata huɗu ya kai mu uku ga Safar, ka ɗora kwana goma, sha uku ga Safar. Watanmu ya fi naku gajarta, kwana uku ka ƙara wa Inna ba gaira ba dalili. Jiya aka ga watan Safar. Na je wurin Liman don kada in yi gaban kaina, ya ƙirga da carbi, ya ce Laraba ta sama da mai zuwa. Malam Muhammadu Sani, mai koyar da Turanci a sakandare, ya duba wayarsa ya ce talatin ga Agusta ke nan. Kwana biyu gare ka a hannu. Inna da kanta ƙwayar gujiya take jefawa a gwangwani kowace safiya, ba ta taɓa kuskure ba.

Ban ce ta yarda ba. Na ce za a iya tambayarta.

Waƙar na ji ta, a gona, da abin kunne. Ban san me take cewa ba, amma wajen ƙarshe inda muryarta ta yi ƙasa kamar za ta tsinke ta kuma tashi, sai da na dogara da fartanya. Yarinyar ta iya.

Sai dai luguden ba daidai yake ba. Lugude taɓarya uku ne. Inna ce mai nauyi, ita ke riƙe da tafiyar. Khairiyya na bin ta. Yaya Asama'u ita ke cilla tata sama, ta tafa, ta cafe, ta bugi gefen turmi. A waƙarku biyu kawai nake ji, suna ta maimaita abu ɗaya kamar injin niƙan Dabo. Ina kuka kai ta uku? In ni na ji, Inna tun bugun farko za ta ji. Ka turo mini ainihin wanda ka ɗauka, wanda ba a taɓa ba.

Takardar na ba Malam Muhammadu Sani, zai juya ta da Hausa tsaf don a karanta musu. Na aika wa Yaya Asama'u, dama za ta zo fitar takaba.

Ƙanenka,
Kamilu

*

Landan, 19 ga Agusta

Kamilu,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya.

Na karanta wasiƙarka a jirgin ƙasa, na wuce tashata ban sani ba. Fauziyya ta yi mini dariya har da hawaye, ta ce ɗan gidan malamai ya ƙirga takaba da Afrilu. Ka yafe mini abin da na roƙe ka, da wasiƙar da ta biyo baya.

Jiya na faɗa wa mawaƙiyar gaskiya, tun daga farko. Ta saurare ni har ƙarshe. Sannan ta ce ba za ta yi waƙa a kan hannun kakarta da hannun wata tsohuwa da ba a tambaya ba. In Inna ta ƙi, waƙar ta fita daga albam, ita da kanta za ta cire. Game da ni kuma ta ce sai ta gani.

Taɓarya ta uku ni na yanke. Bugunta ba ya faɗawa daidai da ma'aunin kwamfuta, sai na ɗauka kuskure ne. Ga ainihin nan, minti huɗu ne da 'yan kai. Ni ban cika wuce minti na biyu ba, daga nan hayaniya ce.

Abdulhadi

*

Bici
Alhamis, 14 ga Safar

Yaya Abdulhadi,

Assalamu alaikum. Kowa lafiya. A shagon cajin waya nake rubuta wannan, a kan gwiwata, ka yi haƙuri da rubutun.

Jiya Inna ta fita. Ta yi wanka, ta sa atamfar da Yaya Asama'u ta kawo, Khairiyya ta sa mata kwalli. Mata sun cika gida, an yi addu'a, ban tayar da maganarka ba. Yau da safe bayan ta sha koko na shimfiɗa tabarma a gindin rumbu na ce, "Inna, Abdulhadi na Landan yana da magana."

Ta ce, "Mai fitsarin kwance? Me ya yi?"

Na faɗa mata duka, har da cewar ka ce ta yarda alhali ba a tambaye ta ba. Zancen yatsa ne kawai na bari, wannan tsakanina da kai ne. Ta ce, "Da ya ce ni uwarsa ce bai yi ƙarya ba. Sauran kuwa in ya zo zai same ni."

Na kunna waƙar. Malam Muhammadu Sani yana daga bakin zaure yana fassarawa. Da aka zo wajen hannun kakar, Inna ta juya tafin hannunta ta duba. Ta ce, "Allah sarki. Ashe can ma ana wahala." Amma da luguden ya shigo sai ta ɗaga kai.

"Wannan turmina ne, na san tsagarsa. Wannan ni ce. Wannan Khairiyya ce, kullum tana baya kamar mai bin gawa."

Khairiyya ta ce, "Kai, Inna, a gaban mutane?"

"To ina Asama'u? Ko ranar ba ta zo ba?"

Na ce kwamfuta ce ta ce ba ta faɗa daidai ba. Yaya Asama'u ta ce a kawo mata kwamfutar ta ba ta taɓarya ta gani. Inna ta ce, "Asama'u ba ta faɗawa daidai, shi ya sa ake kiranta. Wanda ya cire ta ya cire gishiri."

Yanzu abin da ba ka sani ba. Hayaniyar da ka ce tana bayan minti na biyu, ni na saurara har ƙarshe tun ranar da ka turo. Babur ne ya wuce, sai zakara. Daga nan sai muryar Baba, daga zaure, yana cewa, "Kaltume, a ajiye mini gumba, zan dawo kafin azahar." Ita kuma ta amsa masa da dariya ba ta daina daka ba.

Na yi kwanaki ina juya ko in tsayar kafin wurin. Na ga ba ni da ikon ɓoye mata. Na ce, "Inna, akwai Baba a ciki." Ta ce in kunna.

Ba ta yi kuka ba. Yaya Asama'u ce ta tashi ta shiga ɗaki. Inna ta sa na maimaita wurin sau uku. Sannan ta ce, "Wannan ba za a sa masa kiɗa ba."

Na ce ai za a yanke muryarsa, lugude kawai ake so.

Ta ce, "Ranar ce gaba ɗaya ba na bayarwa. Ka sa mini ita a katin rediyona in riƙa ji ni kaɗai, tawa ce."

Yaya, a nan kai na tuna. Amma ban yi mata musu ba. Can sai ta ce, "Geron da ka yanko shekaranjiya ya sha iska?" Na ce ya sha. Ta ce, "To yarinyar nan ba tsohon daka za a ba ta ba. Khairiyya, tayar da turmin. A kira Asama'u ta wanke ido."

Gaskiya na yi zaton haka tun kafin yau, shi ya sa jiya na roƙi Dabo kada ya tayar da injinsa sai hantsi. Na kai awaki bayan gida, na kifa wa zakara kwando. Wayar na ɗora a kan ƙwarya, taku uku daga turmi, don na gwada da Khairiyya tun makon jiya na ga in ta matso ƙarar tana fashewa. Inna ta ƙi a daka turmi wayam don ɗauka, ta ce ita ba 'yar wasan kwaikwayo ba ce. Sabon gero aka zuba, sussuka ta gaske suka yi.

Sau uku na ɗauka. Na farko hannunta ya yi sanyi, wata huɗu ba wasa ba. Na biyu zakara ya ture kwandon. Na uku shi ne. Ka saurari wajen minti ɗaya da rabi, inda Yaya Asama'u ta cilla ta tafa sau biyu kafin ta cafe. Ko a bikin Garba ban ji sun yi irinsa ba. Ya fi wanda ka ɗauka, ba yabon kai ba.

Sharuɗan Inna biyu, Malam ya rubuta su a ƙasan takardar da Turanci. Kada a taɓa tsohon. Kada a cire taɓarya ko ɗaya a sabon, in kwamfuta ba ta iya ba ta koya. Sunanta kuma a rubuta Kaltume ta Malam Mati. Ta ce a gaya wa yarinyar tana da murya, ta riƙa shan zuma.

Na san na bar maka aikin wata a kwana ɗaya. Ka iya, shekara tara ba a banza ba. Kada ka tsaya ba ni amsa, ka tafi sutudiyo.

Ga hoton takardar. Yatsa na farko na Inna ne, da hannunta ta dangwala, ta ƙi in riƙe mata. Na biyu na Yaya Asama'u, na uku na Khairiyya. In sun tambaya wa ya gani, ka ce an karanta musu da Hausa daga farko har ƙarshe a gaban Malam Muhammadu Sani, da Garba mijin Khairiyya, da Liman Ja'afaru da ya tsaya a zaure yana cewa shi bai ji kiɗa ba, daka ya ji, da Dabo mai inji da ya leƙo ta katanga yana tambaya ko ya tayar, da ni.

Ƙanenka,
Kamilu